Hassana da Usaina a Hanyar Bichi

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Jiya aka raba gadon Yaya Aminu, kwana hamsin da rasuwarsa. A zauren gidanmu na Koki aka yi. Malam Sabo ne ya raba, mai unguwa da liman suna zaune a matsayin shaidu. Ba a yi hayaniya ba, har liman yana cewa da kowane gida haka yake da alƙalai sun huta. Magadan ma ba mu da yawa: matarsa Zaituna, 'yarsa tilo Firdausi, sai ni ƙanensa.

Motocin ne suka zo ƙarshe. Golf GTI guda biyu, farare, shekararsu ɗaya, waɗanda Yaya yake kira Hassana da Usaina. Rabo ya faɗa a kan ni in ɗauki ɗaya, Firdausi ta ɗauki ɗaya, in dai darajarsu ɗaya ce. Malam Sabo ya juyo ya ce, Mika'ilu, shekara takwas kai kake duba motocin nan a garejinka, babu wanda za mu kira bayanka, ka faɗa tsakaninka da Allah, ɗaya suke ko akwai wadda ta fi? Na ce ɗaya suke. Na ƙara da cewa a ba yarinya Hassana, ta fi sauƙin hannu ga mai sabon tuƙi. Firdausi ta karɓi makulli da hannu biyu, ta ce Allah ya saka da alheri, Baffa.

Makullin Usaina yana aljihuna. Maganar sauƙin hannun nan gaskiya ce, ko a gaban wa zan maimaita. Ban san me ya sa na sayi littafi yau nake rubuta wannan ba, ni da ko saƙon waya ƙyuyar rubutawa nake.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Bari in rubuta abin da na sani, tunda babu mai karantawa.

Hassana ta gama-gari ce, GTI irin wadda kowane bakanike ya sani, ƙarfin doki ɗari biyu. Usaina ta musamman ce, cikin waɗanda aka fitar lokacin da GTI ta cika shekara talatin. Doki ɗari biyu da talatin, tobonta kuma, wato abin da yake tura wa injin iska, ya fi girma. Ranar da ta iso daga Kwatano Yaya ya sa na cire mata tambari, na sa mata ƙafafu irin na Hassana, aka ɗinka musu rigunan kujera iri ɗaya. Yaya mutum ne mai tsoron bakin mutane. Ya ce in 'yan kasuwar Kurmi suka ji ya sayi mota ta musamman, gobe kowa zai ce shi ya sa turarensa ya yi tsada. Wannan makon ya hau wannan, mako mai zuwa ya hau waccan. Daga shi sai ni muka sani, shi kuma yana kwance a maƙabartar da nake wucewa kullum in zan zo gareji.

To amma doki talatin ai a takarda yake. A titin Kano, tsakanin Adaidaita Sahu da ramuka da masu tura baro, wa ya taɓa ganin doki talatin? A inda ake hawansu ɗaya suke. Ban yi ƙarya ba.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Lungunmu ba ya shigar mota, don haka kullum da yamma in Firdausi ta dawo daga jami'a, a garejina na Ƙofar Mazugal take ajiye Hassana ta ƙarasa gida a ƙafa. Yau ta ce tana jin wata ƙara a gaba in ta taka birki. Ɗan dutse ne ya maƙale, minti biyu na cire. Ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce in ba don ni ba ba ta san wurin wa za ta kai ba, tana jin yadda ake yi wa mata a gareji. Na ce ta wuce gida magariba ta yi. Da faɗa-faɗa na faɗa, ban san dalili ba.

A gida kuma Sa'ida, matata, ta tare ni da cewa yaushe za a cire wa amaryar tamfol, wato Usaina da na lulluɓe, ko sai ta yi sati a lulluɓe? Tana so in kai ta Kurna wurin mahaifiyarta a ciki. Na ce batirin ya yi sanyi. Ta ce yau ta ga bakaniken da batir ya gagara.

Alhamis, 17 ga Yuli, da rana

Ban kunna ta ba.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan azahar

Na yanke shawara. Zan gwada su a titi, in ga da idona. In suka zo kai da kai, ko bambancin bai fi ƙiftawar ido ba, shi ke nan na huta, in rufe littafin nan in ba Sa'ida ta hura gawayi da shi.

Ina da makullin Hassana na biyu, Firdausi kuma ba ta fita ranar Lahadi. Na yi wa Zaharaddeen magana, mai wayarin da muke raba rumfa da shi tun muna samari. Na ce masa motocin sun daɗe ba su yi gudu ba, ina so mu buɗe musu maƙogwaro. Ya ce shi dai a saya masa ƙosai a Dawanau. Zan mayar da man da muka ƙona a tankinta daidai inda allurar take, ba zan ci mata ko cokali ɗaya ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe goma saura na safe

Mun dawo.

Ana idar da asuba muka fita. An yi ruwa jiya da yamma amma kwalta ta bushe. Bayan Dawanau, a hanyar Bichi, akwai wurin da titi ya miƙe babu gida babu kasuwa, daga wata tsamiya zuwa wani gidan mai da aka daina amfani da shi. Muka jira tirela biyu suka wuce, muka jera. Zaharaddeen a Hassana, ni a Usaina. Ya danna hon sau uku muka saki kuloci.

Hassana ce ta fara fita. Wallahi da idona na ga bayanta, kusan rabin jiki ta ba ni. Ƙaramin tobo ba ya jira, ana taɓa totur ya amsa, babba kuwa sai ya ɗan yi tunani. Daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba tun kafin Yaya ya kwanta ciwo. Ina riƙe da sitiyari ina cewa je ki, 'yar albarka, je ki. Ban taɓa jin wanda ya shiga tsere yana yi wa abokin karawarsa addu'a ba sai ni.

A giya ta biyu na kamo shi. Da na sa ta uku sai Usaina ta yi abin da na san za ta yi. Kujera ta tura ni a baya, sautin injin ya canza, Zaharaddeen ya koma madubi. Kafin gidan man na ba shi tsawon mota uku, kuma ban ƙure ta ba. Na ma ɗan ɗaga ƙafa, Allah ya gani.

Na ce masa hannu ne, shi mai wayarin ne, ina ya san canjin giya. Muka yi musaya. Ya ba ni tsawon mota huɗu, yana dariya ta taga.

Da muka tsaya cin ƙosai ya ce wannan Usainar aljanu gare ta. Na ce fulogin Hassana ne suka tsufa. Ya dube ni, don shi ya miƙo mini sababbi na ɗaura mata watan jiya.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga sallar la'asar na tarar Zaharaddeen ya ɗage tamfol, ya buɗe bonet ɗin Usaina, yana haska lambar injin da fitilar waya. Da ya gan ni ya rufe a hankali, ya goge hannu, ya koma kan wata mota Sharon da yake nema wa wuta. Yana nan ranar da aka dawo daga rabon, ya ji lokacin da nake ba mutane labarin yadda aka yi lafiya.

Har muka tashi bai yi mini maganar ba. Da ya zage ni da na sami abin faɗa, ina da amsoshi sun fi goma a shirye. Sai ya tambaye ni ko na ga sifana mai lamba goma.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

Zaituna ta aiko mini da kaya. Tana cikin takaba ba ta fita, sai ta ba Sa'ida ta kawo: manyan riguna biyu na Yaya, hularsa zanna wadda yake sawa ranar Juma'a, da kwalbar turaren da shi yake haɗa wa kansa ba ya sayarwa. Daga kasonta ta cire. Ta ce a gaya mini yadda na tsaya musu Allah ya tsaya mini. Na tura ƙarƙashin gado ban kwance ba.

Tunda ina rubutu bari in rubuta wannan ma. Shekara takwas hannuna yana cikin injin Usaina. Na san ta fiye da yadda na san 'ya'yana, daga nesa in aka kunna ta na san ko ta kwana lafiya. A shekara takwas ɗin iyakata da ita daga gareji zuwa shatale in dawo, don in ji ko gyara ya yi. Sau ɗaya na roƙi Yaya ya ara mini in je biki Wudil, ya yi murmushi ya miƙo mini makullin Hassana. Ban manta ba. Shi ya saya, ni na raine ta, kuma a raina na daɗe da ɗaukarta tawa. Da Malam Sabo ya yi tambayar nan ban tsaya tunani ba, bakina ya riga ni, kamar ya daɗe yana jira.

Ba hujja nake kawowa ba, yadda abin yake nake faɗa.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko

Na tafi har Fagge na yi Juma'a don kada mu haɗa sahu da Malam Sabo.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na ce wa Zaharaddeen gwajin makon jiya ba adalci, wa yake tuƙi a hanyar Bichi da asuba? A gwada su a inda mutane suke rayuwa. Ya yarda, amma bai nemi ƙosai ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka tashi daga gareji, kowa da agogon wayarsa. Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Ruwa, mu zaga ta Goron Dutse, mu dawo. Babu wanda ya wuce giya ta uku, ta ukun ma sau biyu na sa. Wani mai Adaidaita ya tsaya a gabana a tsakiyar titi yana ciniki da wata mata a kan buhun gawayi, doki ɗari biyu da talatin suna tsaye suna jiran a daidaita. A wurin da ruwa ya cinye kwalta duk a giya ta ɗaya muka lallaɓa. Hassana ta riga ni isowa da minti ɗaya da wani abu.

Na fito ina murna, na ce ka gani ko? A cikin gari ɗaya suke, Hassana ma ta fi. Na ce masa wannan ita ta dace da yarinya, ba ta fizga, ba ta ruɗar mutum ya yi gudu, ko Yaya yana raye ita zai ba ta. Na daɗe ina magana, yana tsaye yana juya makulli a yatsa. Da na yi shiru ya miƙo mini.

"Mika, in ɗaya suke, me muke ta aunawa?"

Ya ce kuma kada in ƙara kiransa ya hau motar marainiya ba da saninta ba, sau biyun da ya yi ma yana neman gafara. Ya shiga rumfa ya ɗauki butarsa.

Na cika wa Hassana mai daidai inda allura take.

Talata, 29 ga Yuli, da safe

Wata dabara ta zo mini a sallar asuba, abin kunya, a raka'a ta biyu. In ba ɗaya suke ba, ai ni bakanike ne, sai in mayar da su ɗaya. Ba zan taɓa Hassana ba, ba tawa ba ce. Usaina zan rage wa ƙarfi har ta dawo daidai da 'yar'uwarta. Daga nan abin da na faɗa a zaure ya zama gaskiya, kuma babu wanda ya ci riba.

Na ce wa Zaharaddeen ya jona mata kwamfutarsa ya rage. Ya ce kwamfutarsa gyara take yi. Na ce motata ce, in na ga dama in cinna mata wuta. Ya ce to in cinna.

Ba mu ci abincin rana tare ba. Rabon da haka ta faru tun lokacin da ya tafi Umara.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi da hannuna. Akwai wata 'yar sanda a jikin tobo mai ƙayyade iskar da yake turawa, na sassauta ta. Aikin da bai kai awa ɗaya ba sai da na kai uku. Ina ƙarƙashin motar Firdausi ta shigo, na ga takalmanta kawai. Ta durƙusa ta ce sannu da aiki, Baffa, Usaina ce ba lafiya? Na ce eh, 'yar matsala ce. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, kamar mutum. Haka ubanta yake yi musu.

Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe tara da rabi na safe

Ni kaɗai na je, da Usaina kaɗai. Ba na bukatar Hassana, na riga na san nata: ranar farko na auna ta daga tsamiya zuwa gidan man, na rubuta a bayan littafin nan.

Sau uku na yi. Na farko ta zo daidai da Hassana. Na biyu daidai. Na uku Hassana ma ta fi ta da ɗan abin da ba a rasa ba. Na yi nasara ke nan.

Na sa giya ta uku na jira abin da ya saba zuwa, bai zo ba. Tana tafiya dai, lafiya lau, kamar kowace mota, amma kamar mutumin da aka toshe wa hanci ɗaya. Sai na tuna ranar da ta iso, Yaya yana tuƙi ina gefe, a wannan hanyar. Da ya sa ta uku ya fashe da dariya irin ta yara, mutumin da ko a gida da wuya ka ga haƙorinsa, yana dukan cinyata yana cewa ka ji ta, Mika, ka ji ta? Ya ce wannan sirrinmu ne ni da kai. Da ni ya zaɓa ya yi sirrin.

Na gangara gefen titi kusa da wata gonar gero na kashe injin. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ranar ina ta hidimar mutane. Wani manomi ya leƙo ya tambaya ko mota ce ta lalace. Na ce eh. Ya ce akwai bakanike a gaba kaɗan.

Na cuci yarinya, sannan na zo na lalata motar ubanta don in gyara bakina. Yanzu laifin ya zama biyu, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba.

Litinin, 4 ga Agusta, da safe

Na yi ƙarya. A gaban shaidu, bayan an ambaci Allah.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Na mayar da sandar yadda take. Zaharaddeen bai tambaye ni ba, amma da na kasa kai hannu wani lungu sai na ga fitila ta haska mini daga sama. Bayan mun gama ya raba mini goro.

Na gaya wa Sa'ida. Na zaci za ta yi ta faɗa, don bakinta ba ya gajiya. Tana tsince shinkafa, ta ci gaba da tsincewa. Can ta ce ita ce ta ɗauko kayan Yaya a kanta daga hannun Zaituna, ta kawo mini da saƙon godiya, da wane ido za ta shiga gidan gobe? Na ce abin da zan yi shi ne in ce wa Firdausi mu yi musaya, in ce na fi son Hassana, shi ke nan mota ta koma hannun mai ita ba tare da tonon silili ba. Sa'ida ta ce wato in ƙara mata wata ƙaryar, ta kuma gode mini a karo na biyu.

Ban ji daɗin maganar ba, na fita ƙofar gida na zauna.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe huɗu da rabi

Na je wurin Malam Sabo bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Na fara da bayanin tobo da ƙarfin doki, ya ɗaga hannu ya ce shi ko keke bai iya ba, in gaya masa a taƙaice. Na ce ɗaya ta fi ɗaya, na sani, na ce ɗaya suke, kuma na ɗauki wadda ta fi.

Ya ce shi ma yana da nasa kason a laifin, bai kamata ya sa magaji ya zama mai shaida a kan abin da zai gada ba, sanin gidanmu ne ya sa ya yi sakaci. Wannan ta fi mini zafi a kan da ya wanke ni da faɗa. Ya ce maganar da aka yi a gaban shaidu a gabansu ake warware ta, zai tara su Asabar ta sama. Amma kafin nan in je wurin yarinyar da ƙafata, kada ta fara ji a bakin taro.

Na tambaye shi ko zai raka ni. Ya ce ranar da na faɗa ai ban nemi rakiya ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Na je.

A tsakar gida muka zauna, ƙarƙashin rumfa, ana ɗan yayyafi. Zaituna tana daga cikin ɗaki bayan labule, na san tana ji. Firdausi ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, ita ta zauna a bakin tabarma. Na ajiye makullin Usaina a tsakaninmu. Na faɗa duka, har fitar da motarta da na yi sau biyu, har sandar da na sassauta. Ban ɗago kai ba sai da na gama.

Na shirya wa kuka, na shirya wa ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye ni wace ce ta fi, na ce Usaina. Ta tambaya tun yaushe na sani, na ce tun ranar da ta iso. Ta gyaɗa kai.

"Baffa, ranar Laraba a asibiti, kwana biyu kafin Abba ya rasu, ni kaɗai ce a wurinsa da rana. Ya ce mini a cikin tagwayen nan akwai wadda ta fi, ita yake so ta zo hannuna, in tambaye ka za ka nuna mini. Da ka ce ɗaya suke, sai na ce ashe ciwo ne ya taɓa masa tunani. Har Umma na gaya wa haka."

Na ji motsi a bayan labule.

"Ya yi mini magana da yawa ranar. Duk na ajiye su gefe, na ce ba a hayyacinsa yake ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yafe mini maganar mota, duniya da lahira. Ban ji ta ambaci ɗayar ba, wato yadda na sa ta yi watsi da maganganun ubanta, ni ma ban sami bakin roƙa ba. Na tashi na zura takalmi ban duba ba, ashe ɗaya na Yaya ne da ke bakin ƙofa, sai da na kai zaure na lura na dawo na canza.

Mako uku ina auna tsawon mota uku da huɗu a hanyar Bichi, ina zaton iyakar abin da na ɗauka ke nan.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Firdausi ta ajiye Hassana, ta gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ta wuce.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan azahar

An sake zama da safe. Na faɗa a gaban mai unguwa da liman, liman bai dube ni ba har aka shafa. Wannan karon Malam Sabo ya kira dillali daga waje ya duba motocin, aka gyara rabon yadda ya kamata. Usaina ta Firdausi ce. Hassana tana hannuna, na lulluɓe ta da tamfol ɗin.

Firdausi ba ta kunna Usaina ba tukuna, Hassanar ma ta riga ta daina ɗauka, a Adaidaita ta tafi makaranta shekaranjiya. Sa'ida ta shiga gidan ɗazu, ta ce ta tarar da ita a ɗaki da takarda da biro, tun Lahadi take ƙoƙarin tuno abubuwan da ubanta ya gaya mata ranar Larabar nan tana rubutawa. Zaituna tana zaune kusa da ita, ba ta iya taimaka mata don ba ta wurin.

Na tambaya ko ta tuna. Sa'ida ta ce ta tuna guda huɗu, tana ta cewa sun fi haka.